Juma'ar da Sarkin Noma Jatau ya ɓace mana a Kano

Cikin ranakun aikina akwai wata Juma'a da har yau ba ta bar raina ba, ranar da muka kai manoma yawon buɗe ido birnin Kano, muka fito daga masallaci muka tarar ɗaya daga cikinsu ya ɓace. Tunda kun ce in ba ku labari daga zamanin da muka yi, wannan zan ba ku, don ku da kuka shigo aikin gona yanzu, ku ma za a riƙa damƙa muku mutane a ce ku kai su wani wuri ku dawo da su.

Lokacin 'yan shekaru kaɗan ke nan da samun mulkin kai. Ina ƙaramin malamin gona a ƙasar Malumfashi, an ba ni ƙauyukan da ke tsakanin Kafur da Gozaki. Aikin ƙaramin malami shi ne ya hau keke ya bi manoma gona-gona, ya raba irin auduga, ya nuna shuka a layi, ya yi ta lallashi kan takin zamani. Sama da ni akwai babban malamin gona na yanki, wanda ofishinsa ke Funtua, shi kuma yana amsa wa manya a Katsina. Wanda ke riƙe da wannan kujera a lokacin Alhaji Mu'azu ne, mutum mai tsabta da son tsari. Ba mugu ba ne, amma in ya rubuta abu a takarda, yana son ya ga abin ya faru kamar yadda ya rubuta.

Akwai abin da muke kira gonar gwaji. Za ka roƙi manomi ya ba ka wani yanki na gonarsa, a noma shi yadda ofis ya ce, sauran kuma ya noma yadda ya saba, in kaka ta yi kowa ya gani da idonsa. Samun mai yarda da wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A yankina wanda ya fara yarda shi ne Jatau, Bamaguje, Sarkin Noman wata unguwar Maguzawa da ke bayan Gozaki. Dattijo ne dogo, marar yawan magana, yana kan addinin iyayensa na gargajiya, shi da gidansa duka. Na daɗe ina zarya kafin ya ba ni wurin zama a ƙofar gidansa. Da ya yarda kuwa, audugarsa ta fi ta kowa a yankin, gidajen da ke kewaye da shi suka fara tambayata taki.

A daminar da ta biyo baya, bayan an gama maimai manoma sun ɗan samu sararin numfashi, sai takarda ta zo daga Funtua. Za a ɗauki manoman da suka yi fice a kai su Kano, su ga gidan kayan tarihi, su yi sallar Juma'a a babban masallaci, ranar Asabar kuma a taru a gaban manyan ma'aikatar gona a ba wanda ya zo na ɗaya kyautar garmar shanu. Wanda ya zo na ɗaya Jatau ne.

Da na kai labarin unguwarsu, ba su yi murna nan take ba. A shekarun nan masu wa'azi na yawan zagaya ƙauyuka, wasu gidajen Maguzawa sun musulunta, wasu kuma sun ƙara ja da baya daga duk wanda ya zo musu da keke da takarda. Babban ɗan Jatau ya raka ni har bakin hanya, ya ce, "Malam, kyauta za a ba shi, ko akwai wata magana a bayanta?" Na ce masa kyauta ce kawai, da kallon gari. Abin da ya kwantar musu da hankali shi ne jin cewa Malam Haruna na cikin tafiyar. Malam Haruna manomi ne a Gozaki, Musulmi, gonarsa na iyaka da ta Jatau tun suna samari. Kullum cikin tsokanar juna suke, wannan ya ce wa wancan mai goshin sallah, wancan ya ce wa wannan mai tulun giya, su yi dariya su raba goro.

Ranar Alhamis muka tashi a motar ofis, babbar mota mai benci a baya, direbanmu Isa. Muka bi ta Dayi da Gwarzo, muka sauka a wata makarantar firamare da ke hutu. Jatau ya sa sabuwar riga shuɗiya da 'ya'yansa suka ɗinka masa don tafiyar, yana ta jan wuyanta kamar tana shaƙe shi.

Da safiyar Juma'a muka tafi gidan kayan tarihi. Tsohon gini ne na ƙasa, ɗakunansa masu sanyi da duhu-duhu, ƙofofinsa ƙanana. Mun zaci mu kaɗai za mu shiga, sai muka tarar an cika. Ga ɗaliban wata kwaleji da malaminsu, ga fatake da suka shigo gari don Juma'a, ga wasu Turawa da tafintansu. In kana son ganin abu sai ka ɗaga wuya ta kan kafaɗar wani. Aikina a wurin bai wuce in riƙa ƙirga huluna ba, don da na juya sai in ga wani ya tsaya gaban sulke ya ƙi motsi, wani kuma ya bi ɗalibai ya shige wani ɗaki. Manoman sun ji daɗi. Sun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari masu ƙarfe, sun ga bindigogi da kwalkwali, wani ma ya miƙa hannu zai taɓa takobi, mai gadi ya yi gyaran murya.

A ɗaki na ƙarshe akwai wasu kaya a cikin akwatin gilashi: warki na fatar akuya, ƙaramin gatari, ƙaho, da wani tulu mai zane a wuya. Mai yi wa baƙi bayani ya ce waɗannan kayan mutanen da ne, masu bautar gargajiya kafin Musulunci ya kafu a ƙasar. Bai faɗi wata magana marar daɗi ba. Malam Haruna ne, bisa sabonsu na gona, ya ɗaga murya ya ce, "Ai ba sai an sa a gilashi ba, ga ɗaya nan mun zo da shi da ransa."

A bakin gona da Jatau ya rama, an yi dariya an wuce. Amma a nan ɗaki ne cike da baƙi. Kowa ya juyo. Ɗaliban suka matso suna leƙen fuskarsa, suna raɗa. Tafintan ya fassara wa Turawan, sai wata daga cikinsu, cikin ladabi dai, ta roƙi ko zai tsaya kusa da akwatin ta ɗauki hotonsa. Jatau ya dube ni. Kafin in buɗe baki Alhaji Mu'azu ya ce, "Ba komai, Sarkin Noma, tsaya mata, yanzu za ta gama." Ya tsaya, hannayensa a gefe, ta ɗauka, ta yi godiya. Da muka fito aka raba mana waina a inuwa, na lura bai ci tasa ba. Malam Haruna ya miƙa masa goro, ya karɓa ya sa a aljihu.

Da rana ta kusa take tsaka na matsa kusa da Alhaji, na ce, "Ranka ya daɗe, in mun shiga sallah, Sarkin Noma fa?"

Ya ce, "Ya zauna a mota. Sallar Juma'a ba yini ake yi ba. Isa ya ajiye motar nesa da masallaci, inda ba wanda zai dame shi."

Haka aka yi. Isa ya samu wata inuwa a jikin wani dogon bango, da ɗan nisa sosai daga masallacin, ya ajiye motar. Na ce wa Jatau ya jira mu, ba za mu daɗe ba. Ya gyaɗa kai, ya zauna a bencin baya, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa.

Wanda bai ga babban masallacin Kano ranar Juma'a a wancan zamani ba, da wuya ya gane abin da nake nufi. Mu mutanen ƙauye ne, mun saba da masallacin da kowa ya san tarin kowa. Wannan kuwa fari ne fat, da hasumiyoyi dogaye da koriyar ƙubba, mutane na kwararowa ta kowane lungu, takalma a hannu, tabarmi a hammata. Manomana suka rirriƙe rigunan juna kamar masu tsallake rafi. Ciki bai samu ba, a fili muka samu wuri, shi ma da ƙyar. Ina zaune ana huɗuba, na waiwaya baya, sai na ga sahu ya cika filin, ya gangara kan titi, ya bi titin har inda idona ya ƙare, daidai wajen da muka baro mota. Daga nan ban ƙara fahimtar abin da liman ke cewa ba. Na so in tashi, amma ba inda zan sa ƙafa. Aka tayar da sallah, na yi ta, jikina a sahu, hankalina a bayan mota.

Da aka sallame, fita ma wani aiki ne. Kafin mu ratsa jama'a mu isa bangon nan, an daɗe. Muka tarar mutane na naɗe tabarmi a gaban motar da bayanta, har a gindin tayoyinta an yi sallah. Bencin baya babu kowa. Babu Jatau, babu sandarsa.

Da farko Alhaji bai ɗauki abin da zafi ba. Ya ce wataƙila ya zagaya ne, mu jira. Muka jira har titin ya fara yin fili. Na zagaya bangon, na leƙa lunguna, na koma filin masallaci ina duban duk mai shuɗiyar riga, kuma a ranar kamar rabin Kano shuɗiyar riga suka sa. Sau da yawa ina cin ma mutum ta baya, in taɓa kafaɗarsa, ya juyo in ba shi haƙuri. Mutumin nan bai taɓa wuce Funtua ba. Bai san sunan makarantar da muka sauka ba. In ya ɓata, bai san ma abin da zai tambaya ba.

Alhaji ya dubi agogonsa, ya ce a mayar da sauran manoma masauki, mu kuma mu rarrabu. Shi ya tafi ofishin 'yan doka, wato 'yan sandan En'e na wancan lokaci, ya ba da kamanninsa. Ni ya tura ni asibiti, don a irin wannan turereniya dattijo na iya faɗuwa. Na bi gadaje ina leƙa fuskokin mutanen da ban sani ba. Ba ya nan. Da na dawo na faɗa wa Alhaji, sai ya ce, "Ka duba Sabon Gari. Ka san mutanenka da abin sha."

Na san Jatau ba zai bar inda aka ajiye shi don giya ba, amma ba ni da wata dabarar da ta fi wannan. Na hau keken haya na tafi. Ku kwatanta malamin gona da farar rigar Juma'a da hula, yana ɗaga labulen gidajen giya ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wani tsoho mai sanda. Wata mai gida ta ce mini, "Malam, in kai ne ke so ka shigo kawai, ba sai ka laƙa wa tsoho ba." Ban iya ko murmushi ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne hanyar unguwarsu, da yadda zan jingine kekena a ƙofar gidan nan in ce musu na kai ubansu birni na dawo babu shi. Ba aikin taki kaɗai zai mutu ba. Duk abin da suke tsoro game da mu zai zama gaskiya a wurinsu, ko da ba shi ne ya faru ba.

La'asar ta wuce lokacin da na koma wajen mota. Isa ya dawo da ita gindin bangon, ko da Jatau zai komo inda aka bar shi. Malam Haruna ya ƙi zama a masauki, ya biyo motar, na same shi zaune a ƙasa ya jingina da taya. Da ya gan ni ni kaɗai, ya ce, "Malam, bakina ne ya kore shi." Na ce ba lokacin wannan ba ne. Gabas kuma hadari ya fara haɗuwa.

Isa ne ya samo bakin zaren. Ya je shan fura wajen wata mata da ke da ƙwarya a bakin lungu, yana ba ta labarin abin da ya hana mu tafiya, sai ta ce ai ta ga tsohon. Ana cikin sallah ya zo ya wuce ta gabanta yana bin jikin bango, ya tsaya ya tambaye ta ƙofar garin da ke wajen faɗuwar rana. Ta nuna masa hanyar Kabuga.

Malam Haruna ya miƙe tsaye, ya ce, "Gida ya tafi."

Na ce, "Da ƙafa? Daga Kano?"

Ya ce, "Ba ka san shi ba."

Muka sanar da Alhaji. Ya ce mu ɗauki motar, mu dawo da shi kafin magariba, gobe da safe manya na jiransa. Muka fita ta Kabuga muka kama hanyar Gwarzo, Isa na tafiya a hankali, ni ina duban dama, Malam Haruna na duban hagu. Ruwa ya sauko mana a hanya, mai ƙarfi, har ba ma ganin gabanmu sosai. Duk wanda muka gani a gindin itace sai mu tsaya mu tambaya. Wani mai jaki ya ce ya gamu da shi can gaba, yana tafiya kamar wanda ake jira. Na fara tunanin ko mun wuce shi, na ce wa Isa ya juya, na sake cewa a'a ya ci gaba. Isa ya ce, "Malam, ka zaɓi ɗaya."

Malam Haruna ne ya hango shuɗiyar rigar, an rataye ta a bakin wata bukkar gona kusa da hanya. Muka sauka cikin ruwa muka ratsa gero. Jatau na zaune a ciki da 'yar shara, shi da mai gonar, wani dattijo kamarsa, suna murza ƙasa a tafin hannu. Ya ɗago ya gan mu, bai yi mamaki ba. Ya ce, "Malamin gona, zo ka gani. Ƙasar nan yashi ce zalla, amma dubi geronsa. Da jakai yake kwaso shara daga birni duk rani."

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Sarkin Noma, mun neme ka har asibiti."

Ya ce, "Na san za ku nema. Ban san yadda zan gaya muku ba, kuna ciki."

Na tambaye shi ko wani ya zage shi ko ya taɓa shi. Ya girgiza kai. Ya ce yana zaune a mota sai ya ga mutane na ta shimfiɗa tabarmi, tun daga nesa har suka iso shi, suka wuce shi. Ya sauko don kada ya zauna sama da kan mutane suna ibada. Da ya sauko kuma sai ya zama yana tsakiyar sahu. Wani ya ja hannun rigarsa ya ce, Baba matso nan. Wani tsoho ya gyara masa gefen tabarmarsa.

Ya ce, "Da kirki suka yi. Amma in na shiga na yi abin da suke yi, na yi musu ƙarya, na yi wa gidanmu ƙarya. In na tsaya kuma, ga shi gari duka ya sunkuya, ni kaɗai a tsaye kamar kuka a gonar da aka girbe. Da safe an kalle ni, na haƙura. Na ga in suka ɗago za a sake kallona, su kuma ba su da iyaka. Sai na bi bango."

Malam Haruna ya tsuguna a bakin bukkar, ruwa na zuba a bayansa. Ya ce, "Jatau, maganar da na yi da safe, ban auna wurin ba."

Jatau ya dube shi, ya ce, "A gona ka faɗi wadda ta fi ta. Amma a gona ni ma ina da baki."

Na kawo maganar gobe. Na ce manya za su taru, za a kira sunansa, za a ba shi garma a gaban jama'a, har da mai ɗaukar hoto na jarida. Ina faɗin kalmar hoto na ji yadda ta fita. Ya ce, "Malamin gona, ka yi mini kirki tun da muka haɗu, ba na so in ja maka. Amma ba zan koma a tsayar da ni ba. Audugar tana gona, wanda ke son gani ya zo can."

Na yi ta lallashi, irin lallashin da na saba yi kan taki, na ga ba inda zai shiga. Malam Haruna ya ce, "In ƙafa ce, tare za mu taka. Ba zan shiga Gozaki a tambaye ni kai in ce na baro ka a hanya ba."

A ƙa'idar aiki ba ni da ikon sallamar kowa daga tafiyar ofis. Wanda ya sa hannu a takardar fita shi ke sallama, kuma umarnin da aka ba ni a fili yake. Na fita daga bukkar na tsaya a ruwa, na koma, na sake fita. Ina iya cewa Isa ya taimaka mini mu sa shi a mota, dattijo ne, ba zai yi kokawa da mu ba. Amma na san in na yi haka, jikinsa kawai zan kai Kano. Da ruwan ya tsagaita, wata motar kaya mai zuwa Funtua ta Malumfashi ta taho, na tsaya a tsakiyar hanya na ɗaga mata hannu. Na damƙa wa direban su biyun, na roƙe shi ya sa su a gaba. Jatau ya ɗauki rigarsa a jiƙe ya naɗe ta a hammata, ya yi sallama da mai gonar kamar sun shekara tare.

Ana kiran magariba muka shiga masauki. Alhaji Mu'azu na tsaye a ƙofar aji, ya leƙa bayan mota, ya dube ni.

Ya ce, "Ba ku gan shi ba?"

Na ce, "Mun gan shi, ranka ya daɗe. Lafiyarsa ƙalau. Na sa shi a mota ya tafi gida, shi da Malam Haruna."

Ya ce, "Da izinin wa?"

Na ce babu. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce in mun koma zan amsa a rubuce, ya shige ciki.

Ranar Asabar aka yi taron. Kafin a fara, wani ma'aikaci ya ba Alhaji shawara a tsayar da wani manomin a madadin Jatau, tunda manyan ba su san fuskarsa ba. Ina kusa, na ji amsar da ya ba shi. Ya ce, "Garmar mai suna ce." Da aka kira sunan, Alhaji da kansa ya miƙe ya ce Sarkin Noma ya koma gida jiya, ofis zai kai masa. Na ga yadda wuyansa ya yi gumi yana faɗin haka a gaban manyansa. Muka ɗora garmar a mota muka dawo da ita Funtua.

Takardar tuhuma ta same ni a makon da ya biyo baya. Ga waɗanda ba su taɓa karɓa ba, takarda ce da ake tambayarka dalilin da zai hana a hukunta ka, kuma amsarka na shiga fayil ɗinka har ka bar aiki. Na rubuta abin da ya faru tun daga gidan tarihi har bukkar gona, ban ƙara ba ban rage ba. Kwanaki suka wuce ban ji komai ba, kullum ina jiran a ce an mayar da ni wani lungu. Unguwar su Jatau kuma na kasa zuwa, sai in kama hanya in juya a Gozaki.

Sai ga saƙo in zo Funtua. Alhaji na zaune da amsata a gabansa. Ya ce, "Abin da ya faɗa ke nan, wanda ke son gani ya zo can?" Na ce shi ne. Ya ce gargaɗi zai shiga fayil ɗina, don umarni umarni ne, kuma ya shiga. Sannan ya ce in gaya wa Isa ya ɗora garmar a mota, jibi za mu Gozaki.

A bakin gonar auduga aka ba da ita, ƙarƙashin wata ɗorawa. Ba kujeru, ba mai hoto. Mutanen unguwar suka fito, mata da maza, Malam Haruna ya zo da nasa mutanen. Alhaji ya cire takalmansa masu tsabta ya bi Jatau cikin kunyoyin auduga, yana tambaya, Jatau na amsawa, har laka ta ɓata masa bakin wando. Ba wanda ya ambaci Kano. Da za mu tafi aka sa mana kaji da ɗanyar masara a mota. Daga wannan shekarar, duk tafiyar da ofishinmu ya shirya, sai Alhaji ya tura mu mu tambayi kowane manomi tukuna, ga inda za a je, ga abin da za a yi, akwai inda ba ka so?

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A ofis muna shirya wa manomi alheri yadda mu muke ganin alheri, mu sa shi a mota, mu yi tsammanin godiya. Amma mutumin da ya yarda ya ba ka yankin gonarsa bai ba ka kansa ba. Kafin ka kai shi wuri, ka zauna ka bi tafiyar a ranka da ƙafafunsa, ka ga inda za a bar shi shi kaɗai. In kuma ya ce a'a, ka saurara, don manomi ba ya yawan faɗinta ga ma'aikaci, sai dai ya gyaɗa kai ya daina zuwa.

Jatau ya koma Kano daga baya, bayan an sayar da audugar wata shekara. Ba ofis ne ya kai shi ba. Shi da Malam Haruna suka hau motar haya ranar wata Talata, suka zaga kasuwa, suka hau Dala, suka tsaya daga bakin fili ya kalli masallacin a tsanake lokacin ba kowa. Da na je zagaye na tambaye shi yadda ya ga birnin, ya ce, "Ginin ya yi kyau, wanda ya yi shi ya san aiki. Sai dai ƙasarsu ta gaji, Malamin gona. Can ya kamata ku kai takin nan."